Gaisuwar Hagu a Rairayin Yekuwa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga mahaifinka Abdu, a Magariya, zuwa ga ɗana mai sunan Baba, a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka lafiya, kamiyon, babbar motar kayan nan, bai kwance maka ƙugu a hanya ba. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Labarin gida ba zan ba ka ba, don kwana tara da tafiyarka babu abin da ya sake, sai dai tuwo ya fara saura a akushi.

Ranar tafiyarka ka zo zaure, ka tuɓe takalmi ka durƙusa, ka ce likitan Nasara ya ɗauke ka aikin lamba, za a ba ka babban moto, wato babur, ka riƙa zagaya ƙauyukan kudu kana yi wa mutane rigakafin agana. Ka ce in sa maka albarka. Ni kuwa na tsura wa tabarma ido ban ce uffan ba, har mai kamiyo ya aiko a kira ka. Ka tashi ka tafi da zaton fushi nake yi. Tun ranar mahaifiyarka ba ta sakar mini fuska ba. Jiya da ta ajiye mini fura ta ce, "Malam, yaro ya shiga duniya ba albarkar uba. Ita albarkar da ka riƙe, miya za a yi da ita?" Gaskiyarta. Ba fushi ba ne, Babana, tsoro ne ya ɗaure mini baki. Abin da na ji tsoro kuwa yana da tsawo, shi ya sa na ɗauko alƙalami da ɗan bokon da na tsinta a soja. Ka yi haƙuri da rubutun, ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ka tashi ka tarar ana ce mini Abdu Mai Moto, amma moton sai dai in kana tuna shi kamar a mafarki, don kana ƙarami babban yaƙi ya zo, isansi, wato man fetur, ya yi wuya, aka jingine shi a bayan biro, ofishin Kwamanda, kaji suka yi ta ƙwai a ƙarƙashinsa. Kwamandan wancan zamani ne ya zo da shi. Ya hau sau uku, ciwon baya ya sauke shi. Da ya ji na yi aiki a garejin soja sai ya ce ni zan riƙa kai takardu a kai: Litinin Damagaram, Alhamis Sassumbrum ta wajen Yekuwa, wani lokaci Dungas. Baƙi ne wul, dogo, ya fi buhun gero biyu nauyi. Sirdinsa na fata ne mai faɗin faifai, da murɗaɗɗun ƙarafa biyu a ƙarƙashi masu shanye gargada. Ƙararsa ba irin ta ƙananan nan ba ce, daga ƙirji take fitowa, du-du-du, har mahautan kasuwa suka sa masa suna Bajimi. An ce mini naka ma danginsa ne. Shekara tara na yi a kansa, kuma duk abin da zan gaya maka da fatar jikina na koye shi.

Kuskurena na farko ƙarfi ne. Ka san na yi kokawa da samartaka, har yau akwai tsofaffin da ke tuna ranar da na kayar da wani ƙato daga Dungas. Sai na ɗauka moto ma abokin kokawa ne. Sati na biyu da ba ni shi, ranar kasuwar Magariya, na zo juyawa a gaban rumfar mahauta, a hankali ƙwarai don kowa ya more kallo. Na karya kansa da yawa, na kama birkin gaba, sai na ji ya fara kwantawa hagu. Maimakon in zare ƙafata in bar shi, na ce ni Abdu, ƙarfe ba zai kayar da ni gaban mutane ba. Na turje. Ya tafi da ni ƙasa kamar ba ni a wurin, bututun hayaƙi ya manne mini a ƙwauri. Tabon nan da kake tambaya kana yaro ina ce maka na yaƙi ne, to ga yaƙin, a gaban masu tsire aka yi shi.

Na tashi ina gumi, na rungume shi gaba da gaba ina ja, bai ko motsa ba, bayana ne ya ce ƙas. Wani dattijo mai takarkari da ke sauke gyaɗa ya ƙaraso ya ce, "Samari, da ƙirji kake ɗaga sa? Juya ka ba shi baya mana." Ya nuna mini in tsuguna in jingina ƙuguna da sirdi, hannu ɗaya a kansa, ɗaya a ƙarfen baya, in tura da ƙafafu ina ja da baya kaɗan kaɗan. Sai ga Bajimi ya miƙe kamar da wasa. Mutumin ko keke bai taɓa hawa ba.

Saboda haka ka riƙe wannan. Babban moto a tsaye ne yake da nauyi, da ya fara tafiya nauyin nasa ne, ba naka ba. Wurin juyawa a hankali da wurin tsayawa, nan yake kayar da mutum, ba wurin gudu ba. Kada ka taɓa birkin gaba kansa a karye. In ya ƙudura zai kwanta, zare ƙafarka ka bar shi ya kwanta, dariyar mutane ba ta barin tabo. Wurin tayar da injinsa kuma, ka taka ƙarfen kunnawa da zuciya ɗaya har ƙasa. In ka taka da shakka zai rama, ya taɓa jefa ni sama na sauko a kan gwiwa. Kuma duk wanda ya nuna maka dabara ka karɓa, ko da bai san inda ake zuba isansi ba. Na san ku 'yan lakwal, 'yan makarantar boko, in mutum bai iya Faransanci ba sai ku ɗauka kansa ma babu komai.

Da na iya shi kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba, ban taɓa sanin daɗi irin wannan ba. Akwai wani miƙaƙƙen wuri mai tauri a hanyar Damagaram, in ka sa bitas, wato giya, ta ƙarshe ka saki hannu, sai ƙarar ta daidaita, iska ta cika maka riga, itatuwan gawo su riƙa zuwa suna wucewa. Nauyin nan da ya wahalar da kai a kasuwa shi zai danne hanya, ƙananan ramuka ba za ka san ka taka su ba. Tafiyar da doki ke kwana biyu a kai, ni in na tashi da hantsi, azahar a can nake yin ta. Za ka ji wannan daɗin, ban hana ka ba, halal ne. Amma shi ya kusa kashe ni. Wata rana cikin azumi, da zafin bazara, na taso daga Damagaram bayan azahar. Sirdi mai laushi, ƙara iri ɗaya kamar ana yi wa jariri tawai, ciki ba komai. Ina ganin hanya, ina ganin hanya, sai na farka a cikin sabara, hulata a wani wuri, jakar takardu a wani wuri, Bajimi yana kwance taya tana juyawa. Allah ya sa sabara ce ba kuka ba. Na zauna a ƙasa, ban iya ko salati daidai ba. In ka ji idonka ya fara yaji, ko ka tarar ka wuce wani ƙauye ba ka san lokacin da ka wuce shi ba, nemi inuwa ka sauka, ka wanke fuska, ka taka ƙasa da ƙafarka. Maganin da ka ɗauko ba zai yi wa kowa amfani ba in kana kwance a sabara.

Daɗin sirdin nan ya sa na yi wani laifin, wannan kuwa mahaifiyarka na yi wa. Muna sabon aure ta ce tana son ganin danginta a Dungas. Na ce me za a yi da jaki ga Bajimi? Na roƙi izini aka ba ni. Na ninka bargo biyu na ɗaure a kan ƙarfen baya inda nake ɗora jaka, ta hau a karkace, ta riƙe gefen rigata da yatsa biyu don kunya. Muka kama hanya ina ta zuba gudu, ina ji a raina yau 'yar mutane ta san ta auri namiji. Ashe ƙarafan nan masu shanye gargada a ƙarƙashina kaɗai suke. Ita kowane rami sai ya shiga ƙashin bayanta. Na waiwaya sau ɗaya na ce, "Da daɗi ko?" Ta ce, "Da daɗi." Da muka isa ta sauka ta shige ɗakin innarta, kwana uku tana can, da za mu koma ta ce ai wani kawunta zai kawo ta da jaki, tana son ta biya ta wajen wata gwaggo. Na yarda, ban kawo komai a raina ba.

Sai bayan shekara ashirin, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta ce, "Malam, ka tuna zuwa Dungas? Wallahi kwana ukun nan a tsaye na ci tuwo." Na ce don me ba ki faɗa ba? Ta ce, "Yo ka tambaye ni ne? Cewa ka yi da daɗi ko, amsar ma kai ka ba ni." Ta yi ta dariya har da hawaye, ni kuwa kunya ta rufe ni. A aikinka za ka goya mutane, wata rana mara lafiya, wata rana tsoho. Mutanenmu ba sa cewa sun ji ciwo, musamman ga mai kayan gwamnati. Ka tuna kai ne a kan laushi. Ka rage gudu, ka tsaya ka duba fuskarsa, kada ka tsaya ga abin da bakinsa ya faɗa. In Allah ya ba ka mata ma haka.

Ƙananan abubuwa kuma, kafin in manta. Kada ka hau da babbar riga sai ka naɗe ta ka ɗaure a ƙugu, sarƙa ta taɓa cinye mini hannun riga guda ranar Sallah. In ka hango ayarin jakai ko raƙuma, rage wuta tun daga nesa, kada ka yi musu ham. In ka zo kwana, kalli inda kake son zuwa, don inda idonka ya tsaya nan zai kai ka. Na taɓa tsura wa wani kututture ido ina cewa kada in buge shi, kada in buge shi, har na buge shi. Ka ajiye buji na biyu, wato fulogi, a aljihu, naɗe a tsumma.

Yanzu sai rairayi, kuma a nan maganar take.

Ƙasarmu ka san ta, rabinta rairayi ne, da rani kuwa sai ya saki ya zama kamar gari. Babban moto a rairayi wata dabba ce daban. Kansa zai riƙa rawa, dama da hagu, zuciyarka ta ce ka ƙanƙame shi ka taka birki. In ka yi haka ka faɗi. Sai dai ka rage iskar taya tun kafin ka shiga, ka sa bitas ta biyu, ka ja jikinka baya, ka sassauta hannu ka bar kan ya yi rawarsa, ka ɗaga ido can nesa, kuma hannun dama kada ya saki wuta ko kaɗan. Muddin kana ba shi wuta zai yi ta iyo a sama. Da ka saki, gaba ta nutse. In kuwa ka tsaya a tsakiya, ƙafar jingina shi ba ta da abin takawa, tayar baya ta haƙa wa kanta rami, sai ka nemo ƙarti uku su tura. Na sha wannan wahala har na gaji, na kafa wa kaina doka, a rairayi ba na tsayawa ko don wa. Na ƙware har Kwamanda yana nuna ni ga baƙinsa. Ni ma na ɗauka na gama sanin moto.

Ƙauyenmu, inda aka haife ni, yana wajen Yekuwa, kuma hanyar Sassumbrum ta bi ta gefensa, ta cikin rairayi mafi zurfi a duk ƙasar. Kakanka, wanda ba ka tarar ba, manomi ne, dogo, mai ƙarancin magana. Ran Alhamis ta farko da na bi ta wurin a kan Bajimi, tun daga nesa ya ji ƙara, ya fito bakin hanya da sandarsa, mutanen gari a bayansa, a zo a ga ɗan Malam Isa a kan abin Nasara. Ka san al'adarmu. Ko sarki ne a kan doki, in ya ga mahaifinsa sai ya sauka. Mai jaki yana sauka, mai keke yana sauka, a tuɓe takalmi a durƙusa. Ni na hango shi, na dubi rairayin, na ce in na tsaya a nan sai an tura ni a gaban jama'a. Hannun dama yana kan wuta ba ya sakuwa. Sai na ɗaga hagu na wuce.

Da hagu, Babana. Na gaida ubana da hannun hagu, ina zaune, da takalmi a ƙafata, na bar shi cikin hayaƙi.

Maganar ta zaga gari kafin in kai Sassumbrum. Da na sami hutu na je gida da ƙafa, ƙanena Sule ya tare ni tun a bakin rijiya ya ce, "Yaya, me ka yi haka? Har a masallaci ana faɗi." Na shiga na durƙusa gaban Baba na yi ta bayani, rairayi kaza, wuta kaza, nauyi kaza, Kwamanda yana son takarda ta isa kafin azahar. Ya saurara har na gama, yana gyaran igiyar guga. Sai ya ce, "Na ji, Audu. Ƙarfen ne ba shi da kunya, ba kai ba. Ka riƙe aikinka." Na fito ina jin an wanke ni. Ban lura ba cewa bai ɗago ya dube ni ba.

Alhamis ta gaba yana nan a bakin hanya. Wannan karon shi kaɗai. Na ɗaga hagu, ya ɗaga sanda. Haka ta gaba, haka ta gaba. Da damina ya bar hauya a gona ya fito, da rani ya fito daga inuwa. Wani lokaci ina ganin ƙwarya a hannunsa, na san fura ce Inna ta dama, na san don wa aka dama. Nakan ce a raina, ranar hutu zan zo in zauna sosai. Ranar hutun kuwa sai ta zo in ga moto yana son wanki, ko abokai sun ja ni hira. Fiye da shekara muna haka. Tun ina jin nauyin abin har na daina ji, ya zama mini kamar wata alamar hanya, ga kukar nan, ga rijiya, ga Baba.

Wata Alhamis da bazara na zo ban gan shi ba. Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarka. Daɗi na ji. Na ce tsoho ya gaji ya huta, ni ma na huta da ɗaga hannun nan. Na ƙara wuta na wuce. A Sassumbrum aka riƙe ni kwana biyu ana jiran amsar takarda, na komo ta wata hanya. Ina isa biro na tarar da Sule zaune a gindin bango, ƙafafunsa fari fat da tafiya. Da na ga bai tashi ya gaishe ni ba na san abin da ya kawo shi. Baba ya kwanta tun Talata, ya cika ran Juma'a da hantsi, an rufe shi kafin la'asar.

Inna ce ta ba ni sauran, bayan an watse daga zaman makoki, ba don ta ƙona ni ba, ita a ganinta abin daɗi take gaya mini. Ta ce ran Alhamis ɗin yana kwance ba ya ko shan ruwa, sai ya ji ƙara daga nesa. Ya ce, "Ku tashe ni zaune, ga Audu nan." Suka jingina shi da bango. Ya ce a gyara masa hula. Ya kasa kunne, ƙarar tana matsowa, tana matsowa, har ta zo daidai gari. Inna ta ce ya ɗaga yatsa kada kowa ya yi magana, yana jira ya ji ta mutu. Ba ta mutu ba, ta yi gaba tana raguwa har ta ɓace. Ya sauke yatsansa. Sannan ya ce, "To, alhamdu lillahi, lafiyarsa lau. Ku ji yadda yake tafiya." Ya ce a kwantar da shi.

Bayan kwana bakwai na fita bakin hanyar ni kaɗai, na tsaya inda yake tsayawa. Na taka gaba kaɗan, ban kai taki ɗari biyu ba, sai ga fako a gindin wata tsohuwar suri, ƙasa mai tauri kamar daɓe, wadda za ta ɗauki moto uku. Kuma na san da ita. Muna yara a nan muke wasan langa. Kowace Alhamis ina bi ta gefenta. Da na tsaya a can, na jingine shi, na tako da ƙafa na durƙusa na sha furar, duka ba zai kai tsawon sallar la'asar ba, kuma babu Kwamandan da zai sani. Ba rairayi ne ya hana ni ba, ba ƙarfe ba ne kuma, duk da Baba ya ɗora masa laifin don ya rufa mini asiri. Daɗin tafiyar ne ba na son yankewa, da son a ce Abdu ba ya makara. Da na sani ƙeya ce. Shekara ta zagayo aka haife ka, na sa maka sunansa, shi ya sa ban taɓa iya kiran sunanka ba.

To ka ji abin da ya ɗaure mini baki. Da ka durƙusa a zaure kana cewa za a ba ka babban moto, idonka yana ƙyalli, ni kaina na gani. Ban ji tsoron ka faɗi ba, kowa yana faɗuwa ya tashi. Na ji tsoron ka iya, ka ƙware kamar yadda na ƙware, ka zama mai wucewa. Na ji tsoron a biya ni da mudun da na auna, kuma na san in an yi haka ba a zalunce ni ba. Sai ga shi garin tsoro na sake yin irin laifin, ɗana ya durƙusa a gabana na bar shi ya tashi hannu wofi. Ka yafe mini.

Shawarata a nan gajeriya ce. Duk rairayin da ka shiga akwai fako kusa, in ka neme shi. Ka san fakon kowane gari kafin ka san sunan mai garin. Ka tsaya a can, ka kashe wuta, ka tako da ƙafarka. Tsofaffin da za ka je yi wa jikokinsu lamba ba za su miƙa maka hannun yaro ba in ka gaishe su daga kan sirdi, kuma suna da gaskiya. In ka saba ganin mutum a wuri, ran da ba ka gan shi ba, ranar ce ta tsayawa.

Ga albarkar da ka roƙa, na sa maka ita da zuciya ɗaya. Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a hannunka da abin hawanka. Allah ya sa allurarka ta zama sanadin lafiya. Ya kai ka inda za ka, ya komo da kai, ya sa ƙarfen nan ya yi maka biyayya, kada ya ɗauke maka kunya. Na yafe maka duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba.

An ce zagayenku zai riƙa biyowa ta Magariya wajen sau ɗaya a wata. Ka san ƙofar gidanmu rairayi ce har idon sawu. Tun shekaranjiya nake ɗebo jar ƙasa daga kududdufi da kwando, ina zubawa a gefen zaure, ina yayyafa ruwa ina daɓewa. Bayan nan nawa ba ya barina in yi da yawa, kwando huɗu a rana. Mahaifiyarka ta leƙo ta ce tsufa ya fara taɓa ni, amma yau da safe na tarar ta riga ni yayyafa ruwan. Wurin bai fi tabarma biyu ba, ya ishi moto ɗaya, kafin ka zo ya bushe. Ba na ce ka kwana ba, na san aikin Nasara. Kunnena dai har yanzu yana rabe ƙarar babban moto tun daga bayan kasuwa, kuma zan ji ka tun kafin kowa ya ji. Abin da nake roƙo, in ta zo daidai ƙofar gida, in ji ta mutu.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Abdu.